Kujerar Direba

Jama'a, dukanmu mun san aikin tela. In za ka ɗinka riga, sai ya auna ka tukuna. Ba ya yanka wa dogo da gajere riga ɗaya. Haka nan masassaƙi. Ƙotar fartanyar yaro dabam, ta babba dabam. To, kujerar da mutum ya ke zama a kai yana aiki, ita ma haka ta ke. Yau za mu yi magana a kan kujerar direba. A cikinmu akwai direbobi, akwai iyayensu, kuma kowa yana shiga mota.

Me ke sa ciwon baya?

Gadon bayan mutum ba ƙashi guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, wani bisa wani. Guda 24 na sama su ke motsi. Sauran na ƙasa sun haɗe da juna. A tsakanin masu motsin akwai guringuntsi mai taushi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Shi ke hana su gugar juna.

Gadon baya kuma ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Sa hannu a bayanka daidai ƙugu, za ka ji ya ɗan lotsa ciki. In mutum ya zauna ya ranƙwafa, sai lotsawar nan ta ɓace, nauyi ya taru a ƙugu.

Yanzu mu dubi direban babbar mota. Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Yana zaune wuri ɗaya awa da awa. Ga girgizar inji, ga gargadar hanya. In kujerarsa ba ta yi masa daidai ba, yau da gobe sai baya ya fara ciwo, wuya ya ƙage, ƙafa ta yi sanyi. Waɗansu har su bar aikin da sauran ƙarfinsu, iyali su shiga wahala. Kuma wanda jikinsa ke ciwo ya fi saurin gajiya. Gajiyayyen direba kuwa hatsari ne ga duk wanda ya ɗauko.

Kujera ɗaya ba ta dace da kowa ba

Ga wani abu da ya faru a Amurka. A da can, ana yin kujerar jirgin saman soja da awo ɗaya, watau awon mutum matsakaici. Ana zaton za ta dace da yawancin mutane. A shekarar 1950 aka auna jikin sojojin sama 4,063. Wani hafsa mai suna Gilbert Daniels ya ɗauki awo iri goma, kamar tsayi, da faɗin ƙirji, da tsawon hannu. Ya nemi mutum nawa ne suka zama matsakaita a duka goman. Bai sami ko ɗaya ba! Wani hannunsa dogo, wani ƙirjinsa faffaɗa. Daga nan sojan sama suka bukaci a riƙa yi musu kujera mai matsawa, kowa ya gyara ta daidai jikinsa.

Yawancin motocin yau ma kujerarsu tana matsawa gaba da baya. Amma direbobi da yawa sai su zauna yadda suka tarar da ita.

Yadda za a gyara zama

Ana yin gyaran nan mota tana tsaye, ba tana tafiya ba.

1. Ka zauna sosai, ƙugunka ya taɓa majinginar kujera.
2. Ka taka kuloci har ƙasa. In sai ka miƙe ƙafa sarai, kujera ta yi nisa. A bar gwiwa a ɗan lanƙwashe.
3. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka a sami wurin yatsa biyu ko uku, don jini ya gudana.
4. Majingina ta ɗan kwanta baya kaɗan. Kada ta miƙe ƙyam, kada kuma ta zama gado.
5. Ka miƙa hannu. Wuyan hannunka ya kai saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta rabu da kujera ba.
6. Matashin kai ya zo daidai da tsakar kanka, kusa da ƙeya. Shi ke tsare wuya in an buge mota ta baya.
7. Sa'an nan ka gyara madubai, yadda za ka ga baya ba sai ka leƙa ba.

In kujera ba ta cika ƙugunka ba, ka naɗe tawul ko ɗan tsumma ka sa a wurin. Ka fitar da abin da ke aljihun baya, don kada ka zauna a karkace. In kujera ta karye, a kai wa bakanike. Kada a tokare ta da dutse ko katako. Ranar da aka taka birki da ƙarfi, dutsen nan ba zai tsaya ba.

Bel da hutu

A shekarar 1959 wani injiniya na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, mai suna Nils Bohlin, ya fito da bel mai ratsa ƙirji da ƙugu. A Nijeriya an fara tilasta ɗaura shi a 2003. Bel ya bi ta tsakiyar kafaɗa, ba ta wuya ba. Na ƙasa kuma ya kwanta a ƙashin ƙugu, ba a ciki ba.

Kome kyan kujera, ba ta zama madadin hutu ba. Bayan kowace awa biyu direba ya tsaya, ya sauka, ya taka ƙasa kamar minti 15. Mu ma fasinja kada mu yi masa gunaguni. Hutun nan nasa, tsaron ranmu ne. Mai mota kuma ya sani kuɗin gyaran kujera bai kai kuɗin asibiti ba.

Wannan magana ba ta direba kaɗai ba ce. Tela ya dubi tsayin kujerarsa da kekensa. Manomi ya dubi ƙotarsa. Mai daka ta dubi tsawon taɓaryarta. A gyara kayan aiki su dace da jiki. Kada a tanƙwara jiki don ya dace da kayan aiki. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a gadon baya?
2. Me Gilbert Daniels ya gano?
3. Yaya direba zai san kujerarsa ta yi nisa?
4. Wane kayan aiki ne a gidanku ya ke sa ka ranƙwafa? Yaya za a gyara shi?