Giyar Fel-el da Ragowar Kayan Haɗi: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Ingila da Amurka akwai dubban mutane da ke dafa giya a cikin gidajensu, ba don sayarwa ba, don shan kansu da abokai. Doka ta ba su dama. A Birtaniya an soke buƙatar lasisi ga mai yin ta a gida tun 1963, a Amurka kuwa Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar a 1978, ko da yake sai a 2013 jihohin Mississippi da Alabama suka bi sahu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yawan dafawa a cikin irin waɗannan gidaje ita ce fel-el, giya mai hasken launi da ɗan ɗaci. Kuma kusan kowane mai wannan aiki yana fama da matsala guda: kanti na sayar da furen hof a ƙunshin giram 100, tsiron sha'ir a buhun kilo 25 ko leda mai kilo ɗaya, alhali tsarin haɗin da ke hannunsa na neman giram 30 na wannan, giram 300 na wancan. Kafin shekara ta zagayo, firiza da kabad sun cika da guntattaki.

Akasarin masu karanta wannan rubutu Musulmi ne, kuma hukuncin barasa a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Ban ɗauko zancen don kwaɗaita wa kowa sha ba. Na ɗauko shi ne saboda ilimin da ke cikinsa ya shafe mu kai-tsaye: rabin farko na aikin, wato mayar da hatsi ruwan zaƙi, shi ne ainihin abin da ke cikin kwalbar Maltina da ake rabawa a gidan biki, kuma shi ne ya buɗe wa dawar manomanmu babbar kasuwa a kamfanoni.

Abubuwa huɗu ake haɗawa: ruwa, tsiron sha'ir, furen hof da yis. Ana jiƙa sha'ir ya fara tsira, sai a busar da shi kafin tsiron ya yi nisa. Wannan ɗan tsirowar ita ke tayar da wasu sinadarai a cikin ƙwayar, waɗanda ake kira enzayim, aikinsu su farfasa sitaci ya koma sukari. Mai dafawa zai ɓarza tsiron, ya jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 67 na tsawon awa ɗaya, ya tace. Duk macen da ta taɓa zuba niƙaƙƙen tsiron shinkafa a kunun zaƙi mai kauri, ta wayi gari ta tarar ya tsinke ya yi zaƙi, ta san wannan aiki da hannunta. Ruwan da aka tace ana tafasa shi awa ɗaya tare da furen hof, a huce shi, sannan a zuba yis ya cinye sukarin ya fitar da barasa da iska. Lemon malt irin su Maltina dai a gabanin wannan mataki na ƙarshe yake tsayawa.

Hasken launin fel-el ya samo asali ne daga makamashi. A da, da itace ko ciyawa ake busar da tsiro, sai ya fito da duhu da ƙaurin hayaƙi. Da Ingilawa suka koma amfani da gasasshen kwal mara hayaƙi, tsiro ya riƙa fitowa fari-fari. Garin Burton da ke bakin kogin Trent ya yi suna da wannan giya a ƙarni na 19 saboda ruwan rijiyoyinsa na ɗauke da gishirin jifsam mai yawa, wanda ke fito da ɗacin hof fes. Kamfanin Bass na garin, wanda aka kafa a 1777, jan tambarinsa mai kusurwa uku shi ne na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, a 1876. Samfurin Amurka kuwa ya zo ne daga baya. Ken Grossman, wanda shi ma a gida ya fara, ya kafa Sierra Nevada a garin Chico na Kalifoniya, ya fara dafawa a 1980 da wani furen hof mai suna Cascade, mai ƙamshin ɓawon lemo. Yawancin tsare-tsaren haɗin fel-el da masu yi a gida ke bi a yau zuriyar ɗaya ce daga cikin waɗannan biyu.

To, ga abin da ya kamata a fahimta kafin a taɓa komai. Tsarin haɗi a ido jerin sunaye ne, amma abin da yake karewa lambobi uku ne: yawan sukarin da ke cikin ruwan kafin yis ya shiga, duhun launi, da ƙarfin ɗaci. Matuƙar waɗannan uku sun tsaya kusa da inda suke, sunayen na iya canzawa. Sukarin ana auna shi da wani ɗan gilashi mai yawo a kan ruwa. Ruwa zalla yana nuna 1.000, ruwan fel-el kuma wajen 1.050. Kusan kilo biyar na tsiro ke ba da wannan a lita 23, ma'aunin da Ingilawa suka saba da shi. Amurkawa sun fi yin lita 19.

Mu ɗauki misali. Takarda ta ce a sa kilo 4.5 na farin tsiro da giram 300 na tsiron karamel. Mutum ya duba kabad, ya tarar da kilo uku na Maris Otter, wani tsohon irin sha'ir na Ingila da masu wannan aiki ke ƙauna, da kilo ɗaya na tsiron filsna, da rabin kilo na tsiron Munich, da giram 150 na karamel, da giram 200 na baƙin tsiro ƙonanne da ya rage daga dahuwar hunturu. Ukun farko duk 'yan gida ɗaya ne. An busar da su a zafi mai sauƙi, enzayim ɗinsu na raye, don haka haɗa su wuri ɗaya ya ba shi kilo 4.5 ɗinsa cif. Filsna zai ɗan ƙara haske, Munich zai ɗan ƙara ja da ɗanɗanon ɓawon burodi, ɗayan ya rufe wa ɗayan. Karamel ɗin rabin abin da ake nema ne, kuma ba laifi; giyar za ta rage zaƙi kaɗan, Munich ɗin ma ya cike wani gurbin.

Baƙin tsiron nan shi ne tarkon. Ido na ganinsa ɗan kaɗan, zuciya na cewa a juye shi a huta da ledar. Amma giram 50 ma ya isa ya sauya launin lita 23, giram 200 kuwa zai mayar da ita ruwan ƙasa mai ƙaurin gahawa, ta tashi daga fel-el ta koma wani abu dabam. A ganina nan ne yawancin masu sabon shiga ke faɗuwa: suna auna ragowa da girman leda, ba da ƙarfin abin da ke ciki ba. Ka'idar da aka saba bi ita ce farin tsiro mai enzayim ya ɗauki kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari na duk hatsin, karamel kada ya wuce kashi goma. Karamel da baƙin tsiro wuta ta riga ta kashe enzayim ɗinsu, launi da ɗanɗano kawai suke kawowa.

Idan farin tsiron ne bai kai ba, hanya biyu ce. Ko a rage ruwa, a yi lita 18 maimakon 23, wanda shi ya fi aminci, ko a cike da wani abu. Sukarin shayi na iya ɗaukar har kusan kashi goma ba tare da ɓata komai ba, sai dai giyar ta ɗan rage kauri. Wannan ba sabon abu ba ne a Ingila: tun 1847 aka halatta wa kamfanoni sa sukari, a 1880 kuma gwamnatin Gladstone ta soke harajin tsiro ta bar kowa ya haɗa hatsin da ya ga dama, masara ko shinkafa. Alkama ma tana shiga, amma ba ta da ƙaiƙayi irin na sha'ir, kuma ƙaiƙayin ne ke zama matata a lokacin tacewa. In ta yi yawa sai jiƙon ya cuɗe ya toshe, ruwa ya ƙi sauka. Shi ya sa ake watsa ƙaiƙayin shinkafa a ciki.

Najeriya ta taɓa yin irin wannan sauyi, amma a matakin ƙasa. A 1988, zamanin Janar Babangida, aka hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma ga dawa da masara. Ba a yi musanyar kai-tsaye ba, domin tsiron dawa yana da ƙarancin ɗaya daga cikin enzayim ɗin da ke samar da sukari, kuma sitacinta na buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya saki. Sai da aka sake tsarin dumama jiƙon, aka kuma riƙa ƙara enzayim na masana'anta. Tambayar da injiniyoyin kamfani suka yi a lokacin ita ce wadda mai kabad ɗinmu ke yi: wane aiki abin da na rasa yake yi, kuma me ke hannuna da zai yi shi?

Furen hof ya fi tsiro sauƙin lissafi, ya kuma fi shi saurin lalacewa. Hof wata shuka ce mai yaɗo a ƙasashen sanyi, furenta na ɗauke da wani ƙaro mai ɗaci da mai mai ƙamshi. Wanda aka zuba a farkon tafasa, ɗacinsa ke fitowa, ƙamshin ya bi tururi. Wanda aka zuba a mintocin ƙarshe, ƙamshinsa ke zama. A jikin kowace leda ana rubuta ƙarfin ɗacin furen da kashi cikin ɗari. Cascade kan kai wajen 6, Magnum wajen 12 ko fiye. Saboda haka in takarda ta ce giram 30 na Cascade a farkon tafasa, giram 15 na Magnum zai yi aikinsa, kuma da wuya harshe ya gane bambanci bayan awa guda a wuta. Wanda ya zuba giram 30 na Magnum don sunan "hof" ɗaya ne, ya ninka ɗacin giyarsa.

Na ƙarshen tafasa ba a lissafa shi haka, hanci ke yanke hukunci. Furannin Amurka irin su Cascade da Centennial dangi ne, masu ƙamshin lemo, suna zama da juna. Na Ingila irin su Goldings da Fuggle nasu ƙamshin na ganye ne da ƙasa, ba ya tashi sama sosai. Ana iya gauraya su, amma na Amurka zai danne na Ingila. Iri biyu ko uku sun isa. Wanda ya juye guntaye shida wuri ɗaya yakan sami ƙamshin da ba shi da fuska.

Sannan akwai maganar tsufa. Iska da zafi na cin ƙarfin hof. Ledar da ba a buɗe ba, a cikin firiza, tana iya yin shekaru. Wadda aka buɗe aka ɗaure da roba aka ajiye a kabad, lambar da ke jikinta ta daina faɗar gaskiya cikin 'yan watanni. Sai a murza furen a tafin hannu a sansana. In kore ne shar, yana maƙale wa yatsu, yana ƙamshi, a yi amfani da shi, a ɗan ƙara yawansa in ya jima. In ya koma ruwan ƙasa yana warin tsohon cuku, a zubar. Masu yin giyar lambik a Beljiyam da gangan suke ajiye hof ya tsufa, domin ba ɗacinsa suke nema ba, kariyarsa daga ƙwayoyin cuta suke so. Fel-el ba ta yafe wannan wari. Ceton furen da bai taka kara ya karya ba a rasa aikin wuni guda da hatsi kilo biyar, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Tsiro ma ana gwada shi, da haƙori. Wanda ba a ɓarza ba yana shekara ko fiye in wurin a bushe yake. A tauna 'yan ƙwayoyi: in sun yi ƙaras-ƙaras da ɗan zaƙi, lafiya lau. In sun yi laushi sun sha danshi, in kuma akwai funfuna ko ƙwari, babu zancen ceto.

Yis ne abin da bai kamata a yi masa rowa ba, domin shi kaɗai ne mai rai a cikin haɗin. Busasshe a rufaffiyar leda yana kai shekara biyu zuwa uku a wuri mai sanyi. Na ruwa kuwa ƙwayoyinsa na mutuwa wata bayan wata, don haka ake fara tayar da shi a ɗan ruwan tsiro kwana ɗaya ko biyu a ga ko zai yi kumfa. Yis mai rauni yana jinkirin kama aiki, kuma a cikin wannan jinkirin wasu ƙwayoyi ke shiga su tsamar da komai. Akwai haɗari ma: in bai gama cin sukarin ba aka ɗura a kwalba aka toshe, zai ci gaba da aiki a ciki har kwalbar ta fashe. Shi ya sa ake auna ruwan kwana biyu ko uku a jere, a tabbatar lambar ta tsaya cak, galibi wajen 1.010 zuwa 1.012.

Hatsin da aka tace shi ma ragowa ne. Tsoffin masu dafawa a Ingila sukan sake zuba masa ruwa su fitar da ruwan zaƙi na biyu, mai rauni, kuma kamfanin Fuller's na Landan har yanzu yana gauraya ruwan farko da na biyu ya fitar da giya iri daban-daban daga jiƙo ɗaya. Dusar da ta rage tana da furotin da harza mai yawa. Manyan kamfanoni na sayar da ita ga masu shanu, masu yi a gida kuma suna ba kaji ko su cuɗa kaɗan a ƙullin burodi. Da ɗuminta da danshinta take fitowa, kwana ɗaya ko biyu take tsami, don haka ko a ba dabba ita a ranar, ko a shanya ta, ko a sa ta a firiza.