Kafin mu sayi sabon injin waifa, mu fara duba rile

Duk wanda ke bin hanyar rairayi daga Fulatari zuwa Maine-Sorowa, ko yake ɗauko buhunan tattasai daga bakin Komadugu zuwa kasuwar Diffa, ya san yadda ƙura ke rufe gilashin bayan mota. Idan waifar baya, wato abin goge gilashin, ta tsaya, direba kan ja da baya a makance cikin kasuwar da ke cike da yara da masu talla.

Sau da yawa mukan ɗora laifin a kan injin waifar, alhali kuwa wani ɗan abu ne mai suna rile, wanda bai kai kwalin ashana girma ba. Idan direba ya murɗa makunni, 'yar ƙaramar wuta ce ke shiga wata naɗaɗɗiyar waya a cikin rile, ta zama maganaɗisu, ta jawo wani ɗan ƙarfe. Shi ne ke haɗa hanyar wutar batir mai volt 12 zuwa injin.

Don haka jama'a, mu kasa kunne. Idan an ji "ƙas" amma waifa ba ta motsa ba, a duba wayoyin da ke lanƙwashewa a mahaɗar ƙofar baya. Idan shiru ne, a duba fis, sannan a gwada wani rile irinsa.

Kada kuma mu kunna waifa a busasshen gilashi, domin rairayi na kankare shi, yana kuma wahalar da injin. Rigakafi dai ya fi magani.