YADDA MUTANEN ORANGI SUKA RABA LUNGUNANSU DA ƘAZANTA

A ƙasar Pakistan akwai wani babban birni a bakin teku mai suna Karaci. A gefen birnin akwai wani gari, sunansa Orangi. Mutane sun fara zama a wurin tun wajen shekarar 1965. Yawancinsu talakawa ne, leburori da masu ƙananan sana'o'i. Kowa da guminsa ya gina gidansa. Kafin shekarar 1990 yawansu ya kusa miliyan ɗaya.

Garin ya cika, amma babu magudanar ruwa. Wasu gidaje da bokiti suke amfani a masai. Wasu sun haƙa rami, ramin ya cika ya tumbatsa. Ruwan wanka da na wanke-wanke duk a lungu suke kwanciya. Yara suna wasa cikin kwatami. Sauro da ƙuda suka yi yawa. Zawo da zazzaɓi da taifot suka addabi jama'a. Ɗan abin da magidanci ya samo, sai ya ƙare wajen sayen magani. Danshi kuma yana cin gindin bangaye.

ME YA HANA SU GYARAWA?

A shekarar 1980 wani dattijo masani, Dokta Akhtar Hamid Khan, ya fara aiki a Orangi. Da ma ya daɗe yana aikin raya karkara tare da manoma a Komila, wadda yanzu take ƙasar Bangaladash. Bai zo da buhun kuɗi ba. Ya yi watanni yana zaga lunguna yana zama da mutane. Yana tambaya, yana saurare. Daga nan ya gano abubuwa huɗu da suka tare hanya.

Na farko, mutane sun sa a ransu cewa gina magudana aikin gwamnati ne. Don haka suka zauna jira.

Na biyu, tsada. Kuɗin da 'yan kwangila suke nema ya fi ƙarfin talaka.

Na uku, rashin sani. Akwai magina a garin, amma ba su san yadda ake auna gangare ba. Bututun da ba a ba shi gangare daidai ba, ruwa ba ya gudu a cikinsa, sai ya toshe.

Na huɗu, rashin haɗin kai. Mutum ɗaya ba ya iya binne bututu a ƙofar gidansa kaɗai. Dole ya bi ta ƙofar maƙwabci.

AN FARA DA LUNGU ƊAYA

Dokta Khan da abokan aikinsa suka kafa ƙungiya mai suna Orangi Pilot Project, watau shirin gwaji na Orangi. Ba su tara garin gaba ɗaya ba. Lungu-lungu suka bi. Kowane lungu yana da gidaje 20 zuwa 40. Mutanensa sun san juna. Sun san mai gaskiya, sun san mai cin amana.

Ga yadda aikin yake tafiya. Masu gidajen lungu za su zauna su yarda. Sai su zaɓi mutum ɗaya daga cikinsu ya zama shugaban aiki. Shi zai je ya nemi taimakon ƙungiya. Ma'aikatan ƙungiya za su zo su auna lungun, su zana taswira. Za su rubuta yawan bututu da siminti da yashi da ake bukata, da abin da za a kashe. Za su ba da aron kayan aiki. Wannan duka kyauta ne.

Kuɗi kuwa, na masu gidaje ne. Shugaban aiki shi yake bi gida-gida yana karɓa. Shi yake sayen kaya, shi yake ba da lissafi a gaban kowa. Ƙungiya ba ta riƙe ko kwabo na mutanen lungu. Wannan ya toshe ƙofar zargi. Mata ma sun taka rawa ƙwarai. Su ne suke jinyar yara, saboda haka su ne suka fi matsa wa mazajensu a fara aikin.

YADDA AKA RAGE TSADA

An cire ɗan kwangila, an cire 'yan kamasho. Haƙa da ɗaukar kaya, masu gidaje suna yi da kansu, ko su ɗauki leburorin unguwa. An sauƙaƙa ginin ramukan da ake buɗewa a duba bututu. An koya wa maginan garin aikin. Ta haka kuɗin ya sauko, bai kai rubu'in abin da hukuma take kashewa ba. A shekarun farko gida ɗaya yakan biya kimanin rupi 1,000, kuɗin ƙasarsu, har da ginin masai.

Akwai wata dabara kuma. Tsakanin masai da bututun lungu ana gina ɗan ƙaramin tanki. Abu mai kauri yana zama a cikinsa, ruwa kaɗai yake wucewa. Idan tankin ya cika, mai gida ne zai kwashe. Saboda haka kowa yana lura da abin da ake zubawa a gidansa.

Da lungun farko ya bushe, wari ya tafi, sai maƙwabta suka zo kallo. Gani ya kori ji. Su ma suka nemi a zo a auna nasu. Zuwa shekarar 2001, lunguna fiye da 6,000 sun gama nasu aikin. Gidajen da suka amfana sun wuce 90,000.

INDA ƘARFIN JAMA'A YA TSAYA

Aikin yana da hawa huɗu. Akwai masai a cikin gida. Akwai bututun lungu. Akwai bututun da yake tattara ruwan lunguna. Waɗannan uku jama'a suna iya yi. Na huɗu shi ne babbar magudana da wurin tace ruwan ƙazanta. Wannan ya fi ƙarfinsu, haƙƙin gwamnati ne.

A nan aka sha wuya. Shekara da shekaru ruwan lungunan yana zuba cikin ƙoramu, yana tafiya teku ba a tace ba. Ƙungiyar ta koya wa samari awo da zanen taswira. Da waɗannan taswirori ta riƙa zuwa wurin hukuma, tana nuna inda jama'a suka gama nasu da inda ya rage wa gwamnati. Dokta Khan ya rasu a 1999. Wata mata masaniyar zanen gine-gine, Perween Rahman, ta daɗe tana jagorantar wannan aiki. 'Yan bindiga suka kashe ta ranar 13 ga Maris, 2013. Duk da haka, garuruwa da dama a Pakistan sun kwaikwayi tsarin.

ABIN LURA

Aikin gayya ba baƙo ba ne ga mai karatu. Abin da mutanen Orangi suka ƙara a kai shi ne tsari. A fara da lungu ɗaya. A nemi wanda ya san awo kafin a sa diga a ƙasa. A ba amintacce riƙon kuɗi, ya karanta lissafi a bainar jama'a. A san abin da unguwa za ta iya, a yi shi. Wanda ya fi ƙarfinta, a kai wa ƙaramar hukuma a rubuce. Lokacin yin wannan shawara shi ne rani, tun damina ba ta cika kwatami ba.