Dokar Fatake a Zangon Zugu da Parakou

Bafataken da ya ɗaura kaya a Kano da niyyar Gwanja a ƙarni na 19 ya san zai yi wata shida, wani lokaci shekara guda, bai ga iyalinsa ba. Hanyar takan bi ta Jega ko Yawuri, a haye Kwara, a faɗa ƙasar Bargu, a ratsa Nikki da Parakou, a yada zango a Djougou, wadda Hausawa ke kira Zugu, daga nan a nufi Yandi da Salga inda kasuwar goro take. Babu sarki ɗaya da ke iko da wannan hanya daga farkonta zuwa ƙarshenta, babu alƙalin da hukuncinsa ke aiki a Kano kuma ya yi aiki a Zugu, banki kuwa ba a ma san shi ba. Duk da haka dukiya ta yi ta kai da kawo, galibi bisa bashi. Abin da ya riƙe ta shi ne ƙa'idojin da fatake suka ɗora wa kansu, suka kuma iya hukunta wanda ya karya.

Ƙa'idar farko tana cikin ayari. Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya ci karo da ayarin Hausawa a Kaiama a 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa, maza da mata, sun haura 1,000, ga dabbobin kaya kusan haka. Taro irin wannan ba ya tafiya da ra'ayin kowa da kowa. Madugu ne ke cewa a tashi ko a kwana, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki yana tattara kuɗin garama da na fito gwargwadon kayan kowa, malamin ayari yana riƙe da lissafi da addu'a. Ƙasar Bargu ta yi suna wajen 'yan fashi, don haka wanda ya ɓalle ya yi gaba shi kaɗai don ya riga kowa kasuwa, ko ya ɓoye yawan kayansa don ya rage kasonsa na garama, ya ci amanar ayari duka. Da wuya a tsaya doguwar shari'a da shi. Baɗi dai ba zai sami madugun da zai ɗauke shi ba.

Amma ginshiƙin tsarin yana cikin gari. A Zugu, sarki da jama'arsa suna Kilir, 'yan kasuwa Musulmi kuma suna unguwar Wangara. Parakou ma tana da unguwar fatake a ƙarƙashin inuwar sarkinta, Akpaki. Harshen kasuwa a garuruwan biyu Dandanci ne, har yau ma ana jin sa. Wato ba Hausanci kaɗai ke shigar da mutum cikin zumuncin fatake ba. Abin da ake tambaya shi ne: a gidan wa ya sauka, wa kuma ya tsaya masa?

A dubi abin da mai gida yake yi. Baƙo ya iso da jakuna ɗauke da kanwa, turkuɗi da jar fata. Mai gida zai ba shi ɗaki, ya sa a kai masa tuwo, ya ajiye kayansa a ɗakin ajiya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta. In mai saye ya ce zai biya bayan kasuwa biyu, mai gida ne ke yin lamuni, domin shi ya san wanda ke biya da wanda ke ja. In mai sayen ya gudu, daga aljihun mai gida za a cika. Ladansa la'ada ce, da kuma tabbacin cewa baƙon zai sake sauka a gidansa, ya kuma turo ɗan'uwansa. Shi ma baƙon akwai abin da ke wuyansa: ba ya zagaye mai gidansa ya yi ciniki a ɓoye, ba ya sauya masauki don an yi masa tayin rangwame, ba ya ɓoye aibin kaya.

Maganar aibi ba ƙarama ba ce ga mai goro. Goro ba ya jira. A hanya dole a riƙa kwance huhu, a tsince wanda sankara ta kama, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Yaron da aka ba wannan aiki, in ya yi ha'inci ya bar ruɓaɓɓe a tsakiya, kafin a kai Kano ya ɓata sauran. Mai saye kuwa ba zai ƙirga kowace ƙwarya a huhu ba, maganar dillali yake ɗauka. Shi ya sa dillalin da aka kama da ƙarya sau ɗaya labarinsa ke riga shi isa zango na gaba.

Kada a ɗauka tsoron Allah kaɗai ya gyara mutanen nan, ko da yake yana ciki. Sun tsara abin ne yadda cin amana zai fi riƙon ta tsada. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka mamaye wannan sana'a, suna auratayya a tsakaninsu, suna ba 'ya'yansu jari. Daga zuriyar Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito. Wanda ya cuci abokin ciniki a irin wannan dangi, surukinsa ya cuta, ko ɗan'uwan surukinsa. Wani masani, Abner Cohen, ya tarar da tsarin mai gida yana nan daram a unguwar Sabo ta Badun, inda ake ba mahauta shanu bashi bisa lamunin masu gidaje, ya kuma rubuta shi a 1969.

Tsarin yana da nasa duhun, kuma bai kamata a rufe shi ba. Ƙofar da ke kare na ciki ita ke hana na waje shiga. Yaro mai hazaƙa da ba shi da ubangida yakan tsufa yana dako. Ayarin da ke ɗauke da goro kuma shi ne ya riƙa ɗauke da bayi, kuma amanar da ake taƙama da ita ba ta shafe su ba.

Salga ta rushe a yaƙin basasar 1892, goro ya koma bin teku da jirgin ƙasa. A 1936 dogon da ya taso daga Kwatano ya iso Parakou, garin ya zama inda ake sauke kaya a ɗora wa manyan motoci masu zuwa Malanville, su haye gada zuwa Gaya a Nijar. Madugu ya tafi, amma mai gida da dillali da ɗan kamasho suna nan a tasha da kasuwar Arzeke ta Parakou.

Da aka rufe iyakar Benin da Nijar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motoci suka yi cirko-cirko da kayan mutane, wasu na lalacewa, sai tsohuwar tambaya ta dawo: asarar wa ce? Fiƙihun Malikiyya da malaman zango ke karantarwa ya daɗe da bambancewa. Wanda ya karɓi bashi zai biya ko me ya faru. Wanda aka ba ajiya, ko aka ba jari ya juya a raba riba, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci. Rigimar takan tashi ne inda aka tura kuɗi ta waya ga wanda aka sani ta lamba kawai, ba a faɗi ko bashi ne ko jari ba, ba shaida, kuma babu mai gidan da za a je a zauna a zaurensa.