Dogon Hutu: A Bar Yaranmu Su Koyi Kimiyya Da Hannunsu

Duk wanda ya ratsa ta unguwar Gidan Dare a birnin Sakkwato lokacin dogon hutun makarantu, ba zai rasa cin karo da yara suna jan motocin da suka haɗa da karan dawa da gwangwanin madara ba, tayoyin kuwa daga tsohon silifas aka yanko su. Sau da yawa abin da irin wannan yaro ke samu daga manya bai wuce tsawa ba, wai ya bar shiririta ya ɗauki littafi. Daga nan sai a biya masa kuɗin darasin hutu, ya koma aji ya ci gaba da haddar da ya shafe zango uku yana yi.

Alhali kuwa yaron da ya gane cewa motarsa ba za ta miƙe ba sai girman tayoyinta ya zo daidai, ya riga ya taka matakin farko na aikin injiniya. Idan mai karatu bai manta ba, a nan Sakkwato Jelani Aliyu ya tashi yana zanen motoci tun yana yaro. Ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya wuce birnin Ditroit na Amurka, kuma shi ya zana ƙirar motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki da kamfanin General Motors ya baje kolinta a 2007.

A ƙasashen da suka ci gaba, irin wannan sha'awa ake tattalawa a sansanonin hutu, inda yara kan yi mako biyu ko uku suna haɗawa da warwarewa a gaban malami. Mu ma za mu iya, kuma kayan aikin suna kasuwa da araha. A naɗa wayar tagulla a jikin ƙusa, a jona ta da batirin tocila, nan take ƙusar ta zama maganaɗisu tana ɗaukar allura. A liƙa takardar alminiyam a cikin kwali, a sa baƙar tukunya a rufe da gilashi, yara su riƙa auna zafin ruwan a ranar da gari ya washe da ranar da hadari ya haɗu, su gano dalilin bambancin da kansu.

Haka nan tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ana zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwanen ƙasa biyu, yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafin ciki, tumatir ya ƙara kwanaki bai lalace ba. Yarinyar da ta gwada wannan da damina, ta sake gwadawa da bazara, ba za ta taɓa manta yadda laimar iska ke rage sanyin ba.

Abin takaici, mun taɓa yin wannan yunƙuri muka yi sake. Lokacin da aka fara tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injinan koyar da fasaha daga Turai, amma da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda rashin wuta da ɗakunan aiki da ƙwararrun malamai. Darasin shi ne, mai koyarwa ya fi inji muhimmanci.

Masu koyarwar kuwa Sakkwato na da su. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982 take nazarin girki da busar da amfanin gona da hasken rana. Ga ɗaliban kimiyya, ga maƙera da kafintoci da masu gyaran rediyo a kowace unguwa. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin iyaye da malamai da masu hannu da shuni su buɗe ajin firamare guda da ke kulle lokacin hutu, su tara yara maza da mata, da almajiran unguwa, a bar su su gwada, su kuskure, su gyara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.