Abin da Fure Ya Koya Mana Game da Ajiyar Ƴaƴan Itace

A manyan birane kamar Maraɗi da Yamai, idan ana biki, akan ƙawata teburin baƙi da furanni. Wasu masu ado sukan jera ayaba da mangwaro a tsakanin furannin. Abin gwanin kyau. Amma masu wannan sana'a sun lura da wani abu: furen da aka ajiye kusa da nunannen ɗan itace ya fi saurin yaushi da zubewa.

Wannan magana ta shafe mu, mu mutanen Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ko da ba mu saba ado da fure ba. Abin da ke kashe furen nan shi ne ke ɓata mana tumatir da mangwaro kafin ranar kasuwa.

Mene ne dalili?

Ɗan itace yana numfashi, ko bayan an tsinke shi. Idan ya fara nuna, yakan fitar da wata iska wadda ido ba ya gani. Masana suna kiran ta etilin. A shekarar 1901 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Neljubow, ya gano tana canza girman tsiro. A 1934 kuma wani masani a Ingila, mai suna Gane, ya tabbatar da cewa ƴaƴan itace da kansu suke fitar da ita.

Aikin wannan iska shi ne gaggauta nuna da tsufa. Idan ta taɓa ɗanyen mangwaro, sai ya nuna. Idan ta taɓa fure, sai ya yi yaushi. Idan ta taɓa ganye, sai ya yi ɗorawa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Waɗanda suka fi fitar da ita su ne ayaba, mangwaro, gwanda, gwaiba da tumatir. Su ne masu ci gaba da nuna bayan tsinka. Waɗanda take yi wa ɓarna kuwa su ne salati, kabeji, karas da kankana. Karas yakan yi ɗaci, kankana kuma cikinta ya yi laushi. Lemu da kankana ba sa ƙara zaƙi bayan tsinka, saboda haka mu bar su su nuna a jikin uwarsu.

Yadda za mu rage hasara

1. Mu ware ɗanye daban, nunanne daban, tun daga garka.
2. Mu cire wanda ya fashe ko ya ƙuje. Mai rauni ya fi fitar da iskar. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.
3. Mu yi tsinka da sanyin safiya, mu ajiye a inuwa. Zafin bazara yana ƙara saurin nuna.
4. Mu zuba a kwando mai shan iska. Kada mu ƙulle a leda.
5. Kada mu haɗa ganye da nunannen tumatir a buhu ɗaya.

Idan kuwa muna son ɗanyen mangwaro ya nuna da wuri, sai mu sa nunanniyar ayaba a cikinsa, mu rufe da takarda. Cikin ƴan kwanaki zai nuna, ba tare da mun kashe ko dala ba.

Hattara da kabaid

Wasu ƴan kasuwa sukan nunar da kaya da kabaid, wato sinadarin da masu walda ke aiki da shi. Wannan haɗari ne. Akwai guba a cikinsa mai kawo jiri, ciwon kai da ciwon ciki. A Najeriya, hukumar NAFDAC ta hana amfani da shi a kan abinci. Sau da yawa mangwaron kabaid bayansa ya yi launi, cikinsa kuwa tsami. Riba ba ta kai lafiyar ƴaƴanmu ba.

Idan za mu yi ado a biki

Mu sa ƴaƴan itacen da ba a yanka ba, mu ba su tazara da furanni. Yankakke yana kiran ƙuda, ƙuda kuma yana kawo gudawa. Kada mu kusantar da furen zaƙami ko na tumfafiya da abin da za a ci. Zaƙami guba ne, ruwan tumfafiya kuma yana cutar da ido. Kafin a raba wa yara abin da aka yi ado da shi, a wanke shi da ruwa mai tsabta.

Ƴan uwa manoma da masu talla, wahalar ban ruwa tana da yawa. Kada mu bari abin da muka yi wata uku muna reno ya ruɓe a kwana uku. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.