Garuruwan da ke zuba kuɗin jama'a don jawo masana'antar ƙwaƙwalwar na'ura

A watan Nuwamba na 2020, majalisar birnin Phoenix da ke jahar Arizona ta Amurka ta amince da kashe dala miliyan 205 wajen shimfiɗa hanyoyi, jan ruwan famfo da gina magudanan ƙazamin ruwa zuwa wani fili na hamada a arewacin birnin. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ta tamma biyar ba. A lokacin babu komai a filin sai ƙaya da duwatsu. Abin da birnin ya riƙe a hannu shi ne alkawarin kamfanin TSMC na Taiwan cewa zai gina masana'antar ƙwaƙwalwar na'ura a wurin.

Ƙwaƙwalwar na'ura ita ce ɗan ƙaramin abin nan da Faransawa ke kira "puce". Duk mai salula yana ɗauke da ita: akwai ta a jikin layin waya, akwai wadda ta fi ta ƙarfi a cikin wayar kanta, akwai ta a mota, a kwamfuta, a na'urorin asibiti da makaman zamani. Da silikon ake yin ta, wani sinadari da ake tacewa daga ma'adinin da ke cikin yashi, kuma a kan fili kamar na farce ana iya zana mata miliyoyin dubban ƙananan makunnai na lantarki.

Duniya ta san darajarta ne lokacin annobar korona. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2022 ta yi ƙaranci, har manyan kamfanonin mota a Turai da Amurka suka riƙa tsayar da aiki saboda rashin abin da bai kai ƙwayar gyaɗa nauyi ba. Nan ne Amurkawa suka duba lissafi. A 1990 ƙasarsu ce ke ƙera kashi 37 cikin 100 na abin da duniya ke ƙerawa. A 2020 rabonta ya sauko zuwa kashi 12. Mafi yawan nau'in da ya fi inganci kuwa daga Taiwan yake fitowa, tsibirin da ƙasar Sin ke cewa nata ne.

Ranar 9 ga Agusta 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da aka fi sani da CHIPS. Ta ware dala miliyar 52.7 ga wannan fanni, miliyar 39 daga ciki tallafi ne ga masu gina masana'antu, ban da rangwamen haraji na kashi 25 cikin 100 na jarin da aka zuba. Waɗannan alƙaluma ne jaridu suka fi ɗauka. Amma akwai wani sharaɗi a cikin dokar da ba a cika maganarsa ba: kamfani ba ya samun kuɗin gwamnatin tarayya sai ya nuna cewa jaha ko garin da zai zauna su ma sun yi masa tayin nasu tallafi. Wato dokar da kanta ta sa garuruwa cikin gasa, kowane na neman ya fi ɗan'uwansa kyauta.

Kuma abin da ake nema daga gari ba ƙarami ba ne. Irin wannan masana'anta na shan miliyoyin litar ruwa a kowace rana, ruwan da ake tacewa fiye da na sha nesa ba kusa ba, don ƙura ɗaya na iya lalata kaya. Tana son wutar lantarki mai yawa wadda ba ta ƙyaftawa, domin ɗaukewar wuta na ɗan lokaci na iya ɓata aikin makonni. Tana son fili mai faɗi, hanyoyin da za su ɗauki manyan motoci, da makarantun da za su horar da ma'aikata. Duk wannan sai an yi shi kafin a ƙera ƙwaƙwalwa ko ɗaya. Gwamnatin tarayya tana biyan nata tallafi kashi-kashi, gwargwadon yadda gini ke ci gaba. Kwalta da bututun da gari ya binne kuwa ba a tono su a mayar wa mai shago.

Phoenix ta ci wannan caca, aƙalla zuwa yanzu. TSMC ya fara da alkawarin dala miliyar 12, ya ɗaga zuwa 40 a 2022, sannan 65 a 2024, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince ta ba shi miliyar 6.6. Masana'antar farko ta fara fitar da kaya a ƙarshen 2024, kuma a Maris 2025 kamfanin ya sanar da ƙarin miliyar 100. Saura tambayar ruwa, a jahar da kogin Kolorado da take dogaro da shi ke raguwa.

Labarin jahar Ohio daban ne. A Janairu 2022 kamfanin Intel ya ce zai zuba dala miliyar 20 a garin New Albany, kusa da birnin Columbus, ya ɗauki ma'aikata 3000 na dindindin, ya fara ƙera kaya a 2025. Jahar ta yi masa tayin kusan miliyar 2: miliyan 600 kyauta kai tsaye, miliyan 691 na hanyoyi da ruwa, da miliyan 650 na rangwamen haraji a tsawon shekara 30. Garin kuma ya yafe harajin gine-ginen na shekara 30. In aka raba tayin jahar kaɗai da ma'aikata 3000, kowane gurbin aiki ya haura dala dubu 600, kodayake rangwamen harajin ba ya fita sai an ɗauki mutanen. An sayi gonaki, an faɗaɗa hanyoyi, farashin filaye ya tashi. Sai kasuwa ta juya wa Intel baya. A Fabrairu 2025 ya sanar cewa masana'antar farko ba za ta fara aiki ba sai 2030 ko 2031.

Turai ma ta bi sahu da nata shirin na yuro miliyar 43, da burin kai rabonta kashi 20 cikin 100 nan da 2030. Faransa ta yi alkawarin yuro miliyar 2.9 ga aikin STMicroelectronics da GlobalFoundries a Crolles, kusa da Grenoble, inda mazauna yankin suka yi zanga-zanga kan yawan ruwan da masana'antun ke sha. Jamus ta fi kowa buɗe hannu: ta yi wa Intel tayin yuro miliyar 9.9 don ya zauna a Magdeburg. Wannan ya kai sefa miliyar 6500, fiye da ninki biyu na kasafin kuɗin Nijar na shekara guda. An keɓe ƙasar noma mai albarka, an fara shirye-shirye. A Satumba 2024 Intel ya ɗage aikin, a Yuli 2025 ya fasa gaba ɗaya.

Masu goyon bayan tallafin suna da hujja mai nauyi. Taiwan, Koriya ta Kudu da Sin ba su kai inda suke ba sai da hannun gwamnati, kuma gina irin wannan masana'anta a Amurka ya fi tsada. Suna cewa ba gurbin aiki kaɗai ake saye ba, har da tsaron ƙasa. Hakan gaskiya ne, sai dai tsaron na ƙasa ne baki ɗaya, alhali hatsarin jinkiri ko fasawa yana faɗawa kan gari ɗaya, wanda ba shi da ta cewa a kan farashin kasuwar duniya ko shawarar shugabannin kamfani.

Gwamnatin tarayya dai ta samo wa kanta mafita. A Agusta 2025 gwamnatin Donald Trump ta mayar da dala miliyar 8.9 na kuɗin da aka ware wa Intel zuwa hannun jari, ta mallaki kusan kashi 10 cikin 100 na kamfanin. Jahar Ohio da garin New Albany ba su da kaso a wannan ciniki. Nasu rabon yana jiran 2030.